Darasi na 9: Kafa rumfa ba tare da ciwon ƙugu ba

Duk mai bin kasuwannin mako ya san wahalar safiya. Ranar Alhamis Maigatari, ranar Juma'a Wudil, kuma duk inda ka sauka sai ka kafa rumfa kafin ka baje kaya. Na sha ganin dattijo ya gama ɗaure tamfol ɗinsa, ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya daɗe bai miƙe ba, alhali ko sisi bai yi ciniki ba tukuna. Abin yana damuna ƙwarai, domin rabin wannan wahala ana iya kauce mata. Sirrin shi ne a gama yawancin aikin a ƙasa, kafin a ɗaga komai sama.

Mu fara da nauyi. Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a Ingila ta ba da ma'auni: namiji kilo 25, mace kilo 16, shi ma idan kayan na manne da jiki daidai ƙugu. Jarkar ruwa mai lita 25 kusan kilo 25 ce. Buhun siminti kilo 50 ne, wato ya ninka ma'aunin namiji. To idan ka haɗa tamfol da ƙarafa da turaka a dami ɗaya ka ji sun fi jarkar ruwa, raba su gida biyu ko uku. Sawu uku da kaya marasa nauyi sun fi sawu ɗaya da zai kwantar da kai mako guda. In akwai baro ko kura, a tura kayan har inda za a kafa.

Wajen ɗauka kuma, kada ka sunkuya. Ka tsugunna, ka jawo kayan jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafafu. Murɗa ƙugu da kaya a hannu shi ne ya fi jawo ciwo.

Yanzu ga kafawar kanta. Mutane da yawa suna fara tsayar da sanduna, sannan su hau benci suna jan tamfol sama da kai, iska tana fizgarsa, kafaɗa tana zafi. Kada ka yi haka. Shimfiɗa tamfol a ƙasa daidai inda kake so inuwa ta kasance. Ɗaura duk igiyoyinka a kusurwoyi kana durƙushe. Buga turaka, ka saƙala igiyoyin sako-sako. Sai bayan nan za ka sa sanda a kusurwa ɗaya ka tura ta sama, ka koma ta biyu. Igiya da turke ne ke riƙe nauyin, kai turawa kawai kake yi. In kanofi ne mai ƙarafa irin na biki, a haɗa rufin a ƙasa, a lulluɓa masa rigarsa, mutum biyu su ɗaga gefe ɗaya a sa ƙafafu, sannan a koma ɗaya gefen.

Ka duba inda iska ke fitowa kafin ka fara, ka ɗaure wannan gefen da farko. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Idan iska ta shiga ƙarƙashin tamfol, ko ƙato ba ya iya riƙe shi.

Turke a karkace ake buga shi, kansa yana kallon nesa da rumfa, domin igiya ta ja shi bai fito ba. In ƙasa ta yi tauri da rani, zuba mata ruwa kofi biyu, ka je ka ɗaura wata igiya, ka dawo. Za ka ga bugu kaɗan ya isa. Inda aka yi daɓen siminti kuwa, tsohuwar jarka cike da yashi ta wadatar. A cika ta a wurin, kada a ɗauko ta a cike daga gida. Da yamma kuma kada ka fizgi turke da ƙarfin baya. Girgiza shi gaba da baya, ka ɗaura masa igiya, ka zura sanda a ciki ka ɗaga daga ƙarshenta.

Akwai ɗaurin da 'yan lodin mota ke yi wanda ya kamata kowa ya koya. Ka yi ɗan zarge a tsakiyar igiya, ka zagaya bakinta a turke, ka dawo ka zura shi cikin zargen, ka ja ƙasa. Da ɗan ƙarfi kaɗan igiyar za ta ɗame tam. Roƙi wani yaron mota ya nuna maka sau biyu, hannu ya fi baki saurin koya shi.

A ƙasashen Turai akwai masu tafiya hutu da ɗaki mai taya da ake ja da mota, suna kafa rumfa a gefensa. Wasu rumfunan nasu ma ba su da ƙarafa, da famfo ake hura musu iska su tashi. Duk da haka wajen zura bakin rumfar a jikin ɗakin mutum biyu ne suka fi yi da sauƙi: ɗaya na turawa, ɗaya na ja. Kai ma ka yi yarjejeniya da maƙwabcinka na kasuwa, ku kafa taka tare, ku kafa tasa.

Abu ɗaya game da damina: gefe ɗaya na rumfa ya fi ɗaya tsawo, ruwa ya samu hanyar gangarewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ya taru a tsakiya, tura shi da gindin tsintsiya ko sanda mai tsumma a kai, kada ka sa kanka ko kafaɗarka. In kuma ciwon baya ya fara sauka cikin ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ajiye aikin ka je asibiti.

Aikin gida: Rubuta sunayen kayan rumfarka a littafinka. Idan tamfol kilo 12 ne, ƙarafa kilo 30, turaka da igiya kilo 6, nawa ne jimla? Sawu nawa namiji zai yi, sawu nawa mace za ta yi?