Sayen Igiya da Saƙa Maratayin Sauke Reshen Bishiya

Daga ƙarshen bazara zuwa faɗuwar ruwan farko ne aikinmu na rage bishiya ya fi yawa a Kano, don kowa na tsoron iskar farkon damina ta jefa masa reshen darbejiya a kan kwano. A tsofaffin gidajen Nassarawa da Bompai akwai manyan itatuwan da reshensu ɗaya ya kai kaurin wata bishiyar, a unguwanni irin su Fagge da Gyaɗi-Gyaɗi kuma ƙasan bishiyar katanga ce da wayar wuta da shagon wani. Babu filin da za ka yanke reshe ka bar shi ya faɗi. Dole a ɗaure shi, a yanka, a sauke shi a hankali.

Igiya biyu ke wannan aiki. Akwai doguwa wadda ake ɗaura wa reshen, ta bi ta cikin fuli, wato ƙarfen nan mai ƙafa mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, yaran da ke ƙasa su riƙa sassauta ta. Akwai kuma gajera wadda ke riƙe fulin a jikin bishiya, ita ce maratayi. Yawancin masu shiga sana'ar nan suna kashe kuɗinsu a kan doguwar, maratayi kuma su yanko daga duk ragowar da ta samu, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Reshe na ja ta gefe ɗaya, yaran ƙasa na riƙe ta ɗaya gefen, duka biyun a kan fulin suke sauka. Reshe mai kilo 100 yana ɗora wa maratayi kusan kilo 200 tun yana rataye shiru. In kuwa ya ɗan faɗo kafin igiya ta cafe shi, fizgar tana ninka wannan sau da yawa. Saboda haka maratayi ya fi doguwar igiya kauri: in kana saukewa da mai milimita 12, yi maratayi da mai 16, in da mai 16 ne, nemi mai 20.

A Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, duk igiyar da ba ta rama ko kaba ba ce, nailan mai shago zai ce maka. Alhali iri uku ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce shuɗiya ko ruwan ɗorawar nan mai kaushi da ake wa guga da shanya. Ita ta fi araha, ba ta da nauyi, amma rana na cinye ta har ta riƙa yin gari a hannu, tana da santsi, kuma zafin gogayya kaɗan ke narkar da ita. Kada ka rataya fuli da ita. Ta biyu nailan ce ta gaskiya, mai ƙarfi, sai dai tana miƙewa sosai, in ta jiƙe ƙarfinta na raguwa, in ta tsinke kuma tana dawowa da bugun da zai iya fasa fuskar mutum. Ta uku foliyesta ce, ita nake nema: ba ta miƙewa da yawa, tana jure rana, ruwa bai dame ta ba.

Ka ce wa mai shagon, "Alhaji, yanko mini taƙi ɗaya in gwada, zan biya." Jefa guntun a bokitin ruwa. In ya taso sama, ta guga ce, a wuce wurin. In ya nutse, nailan ce ko foliyesta. Sai ka sa wa bakinsa laita: foliyesta baƙin hayaƙi take yi, nailan kuwa hayaƙinta fari-fari ne. Daga nan ka murɗa guntun ya buɗe, ka leƙa cikinsa. Zaren ya zama mai tsabta, iri ɗaya daga waje har ciki, ba gari ba gutsattsari. Ka tabbata mai riɓi uku ce, tufkarta ta kamu amma ba ta yi tauri har ta ƙi buɗuwa ba. Kada ka karɓi yadin farko na naɗin da ya daɗe a bakin shago yana shan rana, a warware a yanko maka daga ciki. In naɗin na da takardar kamfani, karanta nauyin da ke tsinka ta.

Wannan lambar ba ita ce nauyin aiki ba. A aikin bishiya ana raba ta gida 10. Foliyesta ta kirki mai milimita 16 tana tsinkewa a wajen tan 4, ke nan maratayinta kilo 400 ne iyakarsa, reshen da ke rataye kuma rabin haka. Ɗanyen icce ya fi yadda ido ke gani nauyi: gungume mai faɗin santimita 40 da tsawon mita 1 ya haura kilo 100. Igiyar da ba ta da takarda, ka ɗauke ta a ƙasa da wannan, ka yanka reshen ƙanana-ƙanana.

Tsawon maratayi kuma, mita 5 ya ishi yawancin darbejiya da mangwaro, mita 6 ko 7 ga tsohon maɗaci. Ƙara rabin mita don saƙa.

Abin da za a yi shi ne kunne a baki ɗaya, inda fuli zai maƙale. Da yawa ƙulli suke yi don ya fi sauri. Amma ƙulli yana lanƙwasa zaren ya shaƙe shi, yana iya cin kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin ƙarfin igiyar. Saƙa mai kyau tana barin kusan kashi 90 cikin 100. Ka biya kuɗin igiya mai tan 4, bai kamata ka zubar da tan 2 saboda aikin rabin awa ba.

Kayan aiki kaɗan ne: wuƙa mai kaifi, laita, tef ɗin masu wayarin, zare mai ƙwari, da tsinken katako mai santsi wanda bakinsa ba shi da kaifi. Ƙusa ko sukudireba mai kaifi yanka zaren suke yi ba ka sani ba.

Daga bakin igiya ƙirga tudun tufka 20, wajen taƙi ɗaya da rabi ke nan ga mai milimita 16, ka naɗe wurin da tef sosai. Warware silili ukun har zuwa tef ɗin, ka naɗe bakin kowanne don kada ya baje. Ina sa tef kala uku, ja da baƙi da shuɗi, don mai koyo ya san wanne ne wanne. Lanƙwaso igiyar ka yi kunne daidai yadda fulinka zai shiga, kada ya yi girma. Riƙe kunnen ta wajenka, jikin igiyar ya miƙe gabanka, silili ukun su kwanta a kansa: ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama.

Shigar farko ita ce aikin, nan za ka natsu. Ɗaga silili ɗaya na jikin igiyar da tsinke, ka zura na tsakiya a ƙarƙashinsa daga dama zuwa hagu, wato yana ƙetare tufkar, ba ya bin ta. Ɗauki na hagu, ya hau kan wancan da ka ɗaga, ya shiga ƙarƙashin mai bi masa. Sai ka kifa aikin gaba ɗaya. Za ka ga saura silili ɗaya a jikin igiyar da ba a shiga ƙarƙashinsa ba. Na ukun nan ya shiga ƙarƙashinsa, shi ma daga dama zuwa hagu. Wannan na ukun shi ke ruɗa kowa, don hannu yana so ya tura shi ta inda ya fi kusa. Tsaya ka duba: ukun su fito a layi ɗaya, kowanne ta ƙofarsa daban. In biyu sun fito ta ƙofa ɗaya, zare ka sake, kada ka ci gaba a kan haka. In sun yi daidai, ja kowanne a hankali har wuyan kunnen ya zauna ba gibi.

Sauran mai sauƙi ne. Kowane silili ya hau ɗaya, ya shiga ƙarƙashin ɗaya, ka zagaya ukun kafin ka fara sabon zagaye, kana ɗan murza shi don ya riƙe murɗinsa. Zagaye 3 da tsofaffi ke yi na igiyar rama ne mai kama jikinta. Wannan mai santsi ce, zagaye 5 ne mafi ƙaranci. Bayan na biyar, bar silili ɗaya, biyu su ƙara shiga sau ɗaya, sannan ɗaya ya ƙara shi kaɗai, saƙar ta sirance a hankali. Yanke ragowar ka bar kamar faɗin ɗan yatsa, narkar da bakunan ba tare da wuta ta taɓa jikin igiyar ba. Ajiye a daɓe mai tsabta ka mirgina da ƙafa, sannan ka naɗe ɗaya bakin maratayin da zare.

Kafin ya hau sama, ɗaura shi a gindin bishiya, mutum uku ko huɗu su ja da ƙarfi. Bakunan za su ɗan shige kaɗan su tsaya. In suna ci gaba da zamewa, yanke ka sake saƙa.

Wajen ɗaurawa, zagaya kututture da wutsiyar, wato bakin da ba shi da kunne, ta bi ta bayan wuyan kunnen ta dawo, ka nannaɗe ta a jikinta aƙalla sau 5, naɗin ya bazu har bayan bishiyar, kada ya taru wuri ɗaya. Darbejiya mai kaushin ɓawo tana riƙewa, bishiyar turare mai santsi sai ka ƙara naɗi.

Igiyar da ta taɓa ɗaukar icce ba ta ɗaukar mutum, ko sau ɗaya. Ta hawa daban take, a jakarta daban. Maratayi kuma kada ya kwana kusa da batir ko jarkar man inji, kuma a wanke masa ƙurar hunturu da ruwa zalla a shanya a inuwa, don yashi na shiga tufka ya riƙa cin zaren daga ciki. Kowace safiya bi shi da hannu daga kunne zuwa wutsiya. In ka ji wuri ya yi tauri yana ƙyalli, zafi ya narkar da shi. In silili ya yanku, ko wani wuri ya sirance, ko ya sha mummunar fizga daga babban gungume, aikinsa ya ƙare ko da ido bai ga komai ba. Sassare shi gunduwa-gunduwa kafin ka yar, don kada wani yaro ya tsinta ya hau bishiya da shi.