Kurakuran da Masana'antun Gombe ke Yi da Manhajar Kula da Jigilar Kaya

Masana'antar casar shinkafa ko ta matsar man gyaɗa a Gombe, idan kasuwa ta buɗe mata har ta fara tura motoci Kano da Yola da Maiduguri a mako guda, littafin akawu da kiran waya ba za su iya riƙe lissafin jigila ba. A wannan matakin ne ake sayen manhajar kula da sufuri, wadda aikinta shi ne tattara odar kwastomomi, haɗa lodi, zaɓen mota da hanya, bibiyar kaya, da kwatanta kuɗin da mai mota ya nema da wanda aka yi ciniki a kai. Da yawa kan biya kuɗinta duk wata alhali kuɗin mota bai ragu ba, kuma sau da yawa laifin yana wajen masu amfani da ita.

Babban kuskuren shi ne auna tsada da kuɗin tafiya ɗaya maimakon kuɗin da ya hau kan kowane buhu. Tirela mai ɗaukar tan 30 tana cin buhu 600 masu kilo 50, kuma idan ta tashi da 400 saboda kwastoma yana gaggawa, mai mota ba zai rage komai ba, don haka kowane buhu ya biya kuɗin mota ninki ɗaya da rabi. A allon manajan kuwa tafiyar ba ta nuna wata matsala ba, tunda farashin da aka saba ne. Gyaran shi ne a saita rahoton ya riƙa fitar da naira nawa aka kashe a kan kowane buhu ko tan zuwa kowane gari, sannan a bar manhajar ta riƙe ƙananan oda kwana ɗaya ko biyu ta haɗa waɗanda hanyarsu ɗaya ce: na Bauchi da na Jos a mota guda, na Kaltungo da Numan da Yola a wata. Haka kuma motar kamfani da ta sauke a Kano ba ta da dalilin dawowa wayam alhali sito yana jiran buhunan zuba kaya ko kayan gyaran inji daga can, amma manhajar ba za ta gane haka ba sai an shigar mata da kayan da ake saye, ba waɗanda ake sayarwa kaɗai ba.

Na kusa da wannan shi ne barin ƙananan kuɗaɗe a waje. Ladan 'yan dako, kamashon dillalin mota, kuɗin ƙungiya a tasha, abin da ake karɓa a shingayen hanya, da kuɗin kwanan da mai mota ke nema idan an riƙe shi a bakin ƙofa ba a yi masa lodi ba, duk kan ƙare a guntun takarda cikin aljihun akawu. A ganina kuɗin kwana ne ya fi cancantar kulawa, domin shi ne masana'antar ke jawo wa kanta. A buɗe wa kowanne gurbinsa a manhajar, a rubuta lokacin da mota ta shigo da lokacin da ta fita, kuma kada a biya mai mota sai takardar neman kuɗinsa ta dace da webil, wato takardar rakiyar kaya, da shaidar karɓar kaya.

Akwai kuma sakaci wajen shigar da bayani. Dila ɗaya ya bayyana da suna uku, adireshinsa kuma "bakin kasuwa", nauyin kwali an rubuta shi da ƙiyasi. Mutum guda ya kamata a ɗora wa alhakin jerin diloli da adireshinsu da nauyin kaya.

Taswira ma ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Za ta iya zaɓen hanyar Dukku da Darazo zuwa Kano don gajartarta, amma direba ne ya san halin da kwalta da gadoji suke ciki da damina, da inda ba a so dare ya riske shi. A riƙa sabunta lokutan tafiya da abin da direbobi suka faɗa, kuma tun wajen saye a tabbatar manhajar tana ajiye bayani a wayar direba inda babu sabis.

Farashin jigila kuma yana bin na dizal, wanda ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka jadawalin farashin da aka shigar watannin baya zai sa manhajar ta ba da shawara a kan tsohon lissafi. Ya fi kyau a rubuta a yarjejeniya yadda kuɗin mota zai hau ko ya sauka tare da kuɗin lita. Ƙa'idar shigar da komai a manhajar ta shafi mai kamfani ma: idan ya kira direban da ya sani ya ba shi lodi ta waya, dole akawu ya shigar da tafiyar kafin motar ta bar harabar masana'anta.