Darasi na Bakwai: Gidan Haya da Lissafinsa

Mutane da yawa idan sun tara ɗan abin hannu, ko sun karɓi kuɗin sallama daga aiki, sai su ce bari su sayi gida su zuba 'yan haya. Shawara ce mai kyau, domin gida ba ya guduwa. Sai dai kuɗin hayar da ake miƙo maka ba duka ne riba ba, kuma a nan ne yawanci ake tafka asara.

Mu fara da takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a Najeriya a hannun gwamna, shi ne kuma yake ba da takardar shaidar mallaka, wadda ake ce wa C of O. Kafin ka biya ko sisi, ka je ofishin filaye ka bincika sunan wa ke kan gidan. A Kano ana zuwa KANGIS, a Kaduna kuma KADGIS. Ka tambayi mai unguwa da maƙwabta. Idan gidan gado ne, kada ka yarda da bakin mutum ɗaya. Sai magada duka sun sa hannu, mata da maza, domin wanda aka tsallake yau shi ne zai kai ka kotu gobe.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi. A ce ka sayi gida naira miliyan 20, mai ɓangare huɗu, kowane ciki da falo. A ce kowane ɓangare ana biyan naira 300,000 a shekara. Jimla naira 1,200,000 ke nan. Amma damina ta zo, kwano ya fara yoyo, ka kira kafinta. Masai ya cika, ka kira masu yasa. Ɗan haya ɗaya ya tashi, ka yi fenti, ka sake makulli, ka gyara famfon da ya karye, ɓangaren ya yi wata huɗu a rufe kafin wani ya shigo. Wata huɗun nan kaɗai sun cinye naira 100,000. Idan gyare-gyare suka ci 200,000, abin da ya rage a hannunka 900,000 ne. Raba miliyan 20 da wannan, za ka ga sai an haura shekara 22 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ga kuma tsadar kaya: a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, siminti da kwano suka tashi, alhali kuɗin hayar da ka karɓa tun farkon shekara yana nan yadda yake. Don haka duk lokacin da aka biya ka, ware wani kaso ka ajiye na gyara, kada ka taɓa shi ko da biki ya taso.

Batun wuta da ruwa shi ya fi haddasa rigima a gidan da ake tarayya. Mita ɗaya, mutum huɗu, wannan yana da firji da dutsen guga, wancan fitila biyu kawai gare shi. In da hali, kowane ɓangare ya samu mitarsa mai kati. Kuma kada ɗan haya ya kwashe kayansa sai ka duba ko ya bar bashin wuta, don kan gidanka zai zauna.

Dillali yana da amfani, amma shi la'adarsa yake nema. Kai ne za ka zauna da mutumin da ya kawo. Ka gan shi ido da ido, ka san sana'arsa, mutum nawa za su zauna, kuma wa zai tsaya masa. Sannan a rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, wane gyara ne na mai gida, wane ne na ɗan haya. Shaidu biyu su sa hannu. Duk biya a ba da rasit. Ko ɗan'uwanka ne a rubuta, domin hayar da aka yi bisa kunya ita ce ta fi wuyar karɓa.

In ɗan haya ya daina biya, kada ka cire masa ƙofa, kada ka yaye rufi ko ka watsar masa da kaya waje. Yin haka laifi ne, kuma zai mai da kai wanda ake ƙara. Doka ta tanadi notis. A Abuja da Legas, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. Bayan nan sai notis na kwana bakwai, sannan kotu. Dokar jiharka ka tambayi lauya ko magatakardan kotu. Ka kuma fara da zama a gaban mai unguwa, domin wani ba taurin kai ne ya hana shi biya ba, rashin lafiya ce ko karayar jari, kuma biya kaɗan-kaɗan ya fi watanni ana zarya a kotu.

Aikin gida: Gida mai ɓangare uku, kowane naira 250,000 a shekara. Ɗaya ya yi wata shida babu kowa, gyara ya ci 150,000. Nawa ya rage wa mai gida? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da ita aji.