Tumatirin da ya ƙi yin ja a lokacin zafi

'Yan uwa masu noman rani, daga Kadawa har fadamar Haɗeja: idan zafin Maris da Afrilu ya kama, kada ku jira tumatir ya yi ja a jikin uwarsa. Da zarar gindinsa ya fara sauya launi, ku tsinke shi ya ƙarasa nuna a inuwa.

Sinadarin da ke ba tumatir jan launi ba ya samuwa sosai idan zafi ya haura digiri 30. Shi ya sa za ku ga ya yi laushi, amma ya tsaya a ruwan ɗorawa. Ba taki ya rasa ba, kada ku ɓata kuɗinku. Ya fi son digiri 20 zuwa 25.

Ku tsinka da sanyin safiya. Ku shimfiɗa a rumfa ko ɗaki mai shan iska, layi ɗaya, ban da tarawa a kwando, don na ƙasa matsewa yake yi ya ruɓe.

Amma ɗanye shar wanda bai ƙosa ba, ba zai nuna da kyau ba. Ku yanka ɗaya ku duba: in wuƙa ta datse 'ya'yan cikinsa, da saura.

Wanda gefensa ya yi fari kamar takarda kuwa, rana ce ta ƙona shi, wurin ba zai yi ja ba har abada. Don haka ku daina yawan rage ganye, shi ne inuwarsa.