Yadda za ku bi da yaro idan ya tsinto dabba mai neman taimako a lokacin hutu

Da an ba da hutu yara kan samu sararin yawo da leƙe-leƙe, shi ya sa a lokacin ne suka fi shigowa gida da ɗan kyanwa a naɗe cikin riga, ko ɗan tsuntsu a tafin hannu. Kada ku kore su, tausayin nan abin tattali ne. Sai dai yaro bai san wata kyauta da ta wuce abinci ba, kuma da yawa daga cikin 'yan dabbobin da ke mutuwa a hannun yara gaggawar ciyarwa ce ke kashe su, ba yunwa ba.

Da farko a tsaya a duba. Kyanwa takan bar 'ya'yanta ta tafi neman abinci, wani lokaci ma tana cikin kwashe su ne ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon wuri. Idan suna kwance shiru, jikinsu tsaf, cikinsu a cike, to uwarsu na kusa. Ku ba yaron aikin gadi daga nesa na 'yan awanni, ku barbaɗa gari a kewayen wurin, sawun ƙafa zai nuna ko ta dawo. Wanda ake ɗauka nan take shi ne mai sanyin jiki, ko mai rauni, ko mai kuka ba ƙaƙƙautawa. Ɗan tsuntsun da ya yi gashi yana tsalle-tsalle a ƙasa koyon tashi yake, iyayensa na ciyar da shi a nan, a bar shi. Wanda bai yi gashi ba a mayar da shi sheƙarsa. Maganar nan cewa uwar za ta ƙi shi don an taɓa shi ba gaskiya ba ce.

Idan an tabbatar ɗan kyanwar maraya ne, ɗumi ke gaba da komai. A makonnin farko ba ya iya riƙe zafin jikinsa, kuma idan ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abin da aka zuba masa. Ku taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa, in kun ji sanyi ko ɗigo ɗaya kada a ba shi. Ku sami kwali, ku shimfiɗa tawul, ku cika kwalba da ruwan ɗumi ku naɗe ta da tsumma ku ajiye a gefe guda, ta yadda in zafi ya yi masa yawa zai iya matsawa. A makon farko ana son wurin ya kai kusan digiri 30 a ma'aunin salshiyos. Yaro ma zai iya rungume shi a ƙirji har ya ɗumama, kuma wannan ne aikin da na fi so a ba ƙananan yara.

Ciyarwa ce wurin da garin neman gira ake rasa ido. Ban da madarar shanu. Hanjinsa ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikinta, sai zawo ya biyo baya, zawo kuwa a irin wannan ɗan jiki yana ƙarar da ruwansa cikin ƙanƙanin lokaci. Akwai madarar gari da aka haɗa musamman don 'yan kyanwa, likitan dabbobi zai nuna muku. Tana da ɗan tsada, amma kaɗan-kaɗan ake sha, gwangwani ɗaya kan daɗe. In ba a sami ƙaramar kwalbar shayarwa ba, sirinji marar allura ya wadatar. A gwada ɗumin madarar a bayan hannu. Sannan a kwantar da shi rub da ciki, kai a ɗan ɗage, kamar yadda yake kwanciya a jikin uwarsa. Yara suna son su juya shi rigingine kamar jariri, wannan kuwa shi ke tura madara cikin huhu. Kun ga madara na fitowa ta hanci, ku tsaya nan take. A bar shi ya tsotsa da kansa, kada a matsa sirinjin da ƙarfi. Mai nauyin gram 100 cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 zuwa 5 a zama ɗaya, kuma kowace awa 2 zuwa 3 ake ba shi, har da dare. Saboda haka tashin dare na babba ne, kada a ɗora wa yaro.

Bayan kowace ciyarwa a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙarƙashin wutsiya a hankali, domin kafin ya kai mako 3 ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, uwarsa ce ke lasar wurin. Ku ba yaron littafi da sikeli ya riƙa rubuta nauyinsa kullum a lokaci guda. Mai lafiya yana ƙara gram 10 zuwa 15 a yini. In nauyin ya tsaya kwana biyu, sai wurin likita.

Babban kare ko kyanwar da ba a sani ba kuwa, doka ɗaya ce: yaro ba ya taɓawa, ya ajiye ruwa da abinci ya ja baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. An yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ku ja wa yaro kunne ya faɗa ko da ƙwarzane ne, ba za a yi masa faɗa ba.

Ragowar abincin biki ma sai an tace. Cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi duk suna cutar da kare da kyanwa, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soki hanji. Farasitamol guba ne ga kyanwa. In za a ajiye wa tsuntsaye ruwa, kwanon ya zama marar zurfi, a ajiye shi a inuwa, a sauya ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

Tun a makon farko ku yanke shawarar wanda zai ci gaba da kula da ɗan kyanwar in an koma makaranta. A mako 4 yake fara lasar abinci mai laushi, kuma ba a ba da shi ga wani gida sai ya kai mako 8.