Ɓarnar da sababbin shiga ke yi wa tsofaffin bindigogin soja

A Amurka, inda doka ta bar farar hula su sayi bindigogin da sojoji suka yi ritaya da su, masu tara irin waɗannan kaya suna da sunan da suka laƙaba wa maɓarnaci: Bubba. Shi ne mutumin da zai sayo Mauser K98k, bindigar sojan Jamus ta zamanin yaƙin duniya na biyu, da yamma, gari na wayewa ya ɗauko zarto. A Najeriya zancen bai ma taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 a jerin haramtattu. Lee-Enfield irin wadda kakanninmu suka riƙe a Burma sai dai kallo a gidan tarihi. Amma ga wanda ke zaune inda aka halatta, kurakuran nan kullum su ne dai, kamar an haɗa baki.

Mafi ciwo a cikinsu samfefa. Mutum ya ga katakon ya yi baƙi, ya sha maiƙo, ga tabo nan da can, sai ya ce bari ya "gyara". Wane gyara? A jikin katakon nan ne ake buga hatimin sufeton da ya amince da bindigar: a K98k ƙaramar mikiya da lamba a ƙarƙashinta, a M1 Garand hatimin da ke gefen hagu. Zurfinsu bai taka kara ya karya ba, goga kaɗan sun tafi, kuma babu makerin da zai dawo da su. Wanda ya san kaya ba ya ma buƙatar neman hatimi. Yatsa zai bi da shi ta inda katako ya haɗu da farantin ƙarfen gindi. A masana'anta katakon kan yi daidai da ƙarfen ko ya ɗan ɗara shi. In ya ji ƙarfe ya fi katako tudu, gefuna kuma sun zama sulɓi, ya san an ci mata mutunci, sai ya rage kuɗi ko ya wuce abinsa. Daga samfefa sai a bi da fanish mai ƙyalli, bindigar da ta ga yaƙi ta koma kamar ƙafar kujerar amarya.

Abin da ke jikin katakon yawanci giris ɗin ajiya ne, Cosmoline, kuma zafi kawai yake so. A raba katako da ƙarfe, a naɗe katakon da tsumma, a sa cikin baƙar leda, a ajiye a rana. Duk bayan awa ɗaya a fito da shi a goge abin da ya tsatso, a mayar. Yakan ɗauki kwana biyu ko uku. Ban yarda da sabulun wanke murhu ba, ban yarda da jiƙa katako cikin ruwa ba, ko da wasu na rantsuwa da su. Bayan nan a san abin da aka shafa mata tun asali. Enfield man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, ake ba ta, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza, a goge saura, a bar shi kwana guda. Mosin-Nagant ta Rasha kuwa shelak, wani irin fanish, ne a jikinta, shi ne wannan ja-ja ɗin da ke ɓarewa, kuma sifirit na narkar da shi nan take. Tsumman da ya sha linsid a shanya shi a waje, in aka dunƙule shi a kwandon shara yana iya kamawa da wuta da kansa. Ƙarfe kuma kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa, amma a warware sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, gaba ɗaya. A SKS, wata bindigar Rasha, giris ɗin da ya daskare kan riƙe allurar da ke bugun harsashi a waje, bindiga ta tashi da kanta lokacin da sakata ta rufe.

Na biyu huda da yanka. Mai son ɗora madubin hange a kan Mauser ko Mosin sai ya huda gidan sakata, ya lanƙwasa hannun sakata don kada ya bugi madubin, a Mauser har makullin tsaro sai an sauya. In ya haɗa kuɗin makeri da na kayan, sau da yawa da ya sayi sabuwar Savage Axis ko Ruger American, wadda ta zo da ramukanta daga masana'anta kuma ta fi saiti. Ya kashe kuɗi don ya rage wa kayansa daraja ke nan. Masu yanke katakon gaba na Enfield No. 4 don ta yi sauƙin ɗauka su ma haka: an ƙera ta ne yadda ƙarshen katakon zai ɗan tokare bututun daga ƙasa, in an yanke sai saitinta ya sauya. Mai yanke bututu a Amurka kuma, ƙasa da inci 16 ya shiga hurumin wata doka daban.

Ni ƙa'idata ita ce duk abin da sukuru zai kwance ya mayar, a yi. Akwai mazaunin madubi da ke hawa gurbin saitin baya ba tare da huda ba. Akwai jikin roba da za a sa a madadin katako lokacin farauta. Kayan asali a zuba su a jaka, a rubuta lambar bindigar a kai. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi dole sai ya yanka, ya nemi wadda aka riga aka yanke a shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake sayar da su da arha ta gidan waya. Suna nan birjik.

Sai gishiri. Yawancin tsofaffin harsasan 7.62x54R da 8mm na rarar soja, sinadarin da ke tada wuta a gindinsu yana barin gishiri a cikin bututu. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. A ranar da aka yi harbi a zuba ruwan zafi ta baya ya fita ta baki, a goge fuskar sakata, a busar, sannan a sa mai. A wuri mai laima, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kada a musanya sakata tsakanin bindiga biyu: lambar da ke jikin sakata ta daina dacewa da ta bindigar, kuma tazarar da harsashi ke zama a ciki tana iya sauyawa, shi ya sa kan sakatar Enfield No. 4 ke da lamba 0 zuwa 3, gwargwadon tsawonsa. Makeri ya auna kafin harbin farko. Sukundireba na gida yana tauna kan sukuru, a nemi mai bakin da ya cika tsagin. Sake rina ƙarfe yana cinye kaifin rubutu. Garand ba ta son harsashin farauta na zamani mai nauyi, yana lanƙwasa sandar da ke tura sakata. Springfield M1903 mai lamba ƙasa da 800,000, ko ta Rock Island ƙasa da 285,507, ta ratayawa a bango ce, ba ta harbi ba, domin ƙarfen wasunsu yana da saurin fashewa. Arisaka ta Japan da hatimin furen sarauta da ke jikin ƙarfenta bai gogu ba, kada soson ƙarfe ya kusanci wurin, an kankare na mafi yawansu bayan 1945. Faifan tagulla da ke jikin Mauser ta Suwidin bayanin lafiyar bututu ne, ba ado ba. K31 ta Suwizalan kuma, in an kwance farantin gindi aka tarar da 'yar takarda mai sunan sojan da aka ba bindigar, a ɗauki hotonta a mayar da ita inda take.