Kurakuran da ke kashe dayod, da ido, in kana haɗa leza da hannunka

Kusan duk wanda ya fara haɗa leza ta hannu abu ɗaya ne ke fara cinye masa kuɗi, ya ciro dayod, wato ɗan abin da ke fitar da hasken leza, daga tsohon DVD na kwamfuta mai rubuta faifai, murna ta kama shi, ya jona batir kai tsaye, ta haska sau ɗaya shikenan ta koma ɗan jan haske kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Dayod ɗin leza ba ƙwan tocila ba ne, tana ɗaukar zafi tana ƙara jan wuta har ta ƙone kanta. Dole sai da direba, wato ɗan sakit ɗin da ke tsayar da karent. Mafi sauƙi shi ne ɗan IC mai daidaita wuta da ake kira LM317, ka raba 1.25 da rezistar da ka sa, in om 10 ce zai ba ka 125mA. Amma fa LM317 yana cin wajen bolt 3 nasa na kansa, batir 18650 guda ɗaya ba zai ishe shi ba, sai biyu.

Kuma kar ka gwada direba a jikin dayod ɗinka. Jera dayod na yau da kullum 1N4001 guda huɗu da rezista om 1 a madadinta, ka auna da mita a kan rezistar, kowane 1mV daidai yake da 1mA. Ka gama gwaji, cire batir ka haɗa wayoyin fita biyu kafasitar direba ta sauke cajinta tukuna kafin ka jona dayod ɗinka, mutane da yawa a nan suke asara suna zagin mai kaya.

Lokacin hunturu kuma a kula, wannan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe dayod tun tana hannunka. Taɓa ƙarfe kafin ka ɗauke ta. Wajen like da dalma kar ayon ya wuce sakan 2 ko 3 a ƙafarta, sannan kar a kunna ta tsirara ba gidan tagulla ko alminiyam da zai sha zafin.

Toh sai maganar ido, wallahi ita ta fi damuna. Na ga yaro yana gwada shuɗiyar leza 445nm (nm ma'aunin zangon haske ne, shi ke nuna launi) a ɗaki da baƙin tabarau na rana, hasken na dukan tayil yana dawowa, sai da gabana ya faɗi. Tabarau na rana ba ya tare komai. Ka nemi na leza wanda aka rubuta lambar OD, wato yawan hasken da yake ragewa, da zangon hasken da yake tarewa a jikinsa, wanda ke tare ja ba lallai ya tare shuɗi ba. Ita 405nm ta Blu-ray a ido kamar ba ta da ƙarfi, ido ne ba ya ganinta sosai, ƙarfin yana nan. Koriyar leza 532nm mai arha kuma sau da yawa ba ta da matatar infrared, tana zubo 808nm da 1064nm da ido kusan ba ya gani, ido ba zai ma ƙifta ba.

In sayarwa za ka yi, dan Allah kar ka rubuta ƙarfin da ba ka auna ba, sayi mitar auna leza. A Amurka abin da ya wuce 5mW ba a yarda a sayar da shi a matsayin abin nuni ba, kuma tun 2012 haska jirgin sama laifi ne na tarayya mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Dayod ɗin DVD ɗin nan tana wuce 100mW cikin sauƙi. Ni dai ba na sayar wa yaro, kuma duk wanda zai karɓa a hannuna sai ya haɗa da tabarau, in ya ce tsada na riƙe kayana.